Taimakon wanda ba ka sani ba a lokacin biki: wace hanya ce ta fi isar da kuɗinka?

Abin da ka ware don taimako ba shi da yawa, masu buƙata kuwa ba su ƙidayuwa. Ga mutumin da kake wucewa kullum a bakin tasha, shi da 'yarsa a gefe. Ga saƙon da ake ta turowa a waya, na wani yaro da ake neman kuɗin yi masa tiyata. Ga ƙungiyoyin agaji suna kira a kawo gudummawa kafin biki ya iso, wasu na son kuɗi, wasu na son kaya. Dukkansu ba ka san su ba, kuma ba za ka iya ba kowa ba. Na daɗe ina fama da wannan ruɗani, na gwada hanyoyi da dama, wasu na ji daɗinsu, wasu na yi da-na-sani. Hanyoyi biyar zan auna a nan.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko shi ne farashi, wato nawa ne ke zubewa a hanya kafin taimakon ya shiga hannun mai buƙata. Na biyu daɗewar amfani. Biki kwanaki ne kaɗan, amma kuɗin haya da magani da na makaranta suna nan suna jira bayan an watse, saboda haka ina duba ko abin da ka bayar zai kai mutum wata mai zuwa. Na uku sauƙi, kuma ta fuska biyu: sauƙi gare ka, da sauƙi ga mai karɓa, domin akwai taimakon da sai mutum ya yini a layi ko ya baje sirrinsa a duniya kafin ya same shi. Na huɗu haɗari. Damfara ce ke fara zuwa wa kowa a rai, amma ba da abin da ba a buƙata shi ma asara ne, haka ma zubar wa mutum da mutunci.

Akwai tambaya guda da nake ɗorawa a kan waɗannan duka: wa ke yanke shawarar abin da kuɗin zai zama? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk hanyar da ta bar wa mai buƙata wannan zaɓi, ina ba ta fifiko tun kafin a fara lissafi.

Ka kuma lura da zuciyarka. A wani bincike da Deborah Small da George Loewenstein da Paul Slovic suka wallafa a 2007, mutane sun fi buɗe aljihu da aka nuna musu hoton yarinya ɗaya da labarinta, fiye da lokacin da aka kawo musu alƙaluman miliyoyin masu fama da yunwa. Haka aka halicce mu, ba laifi ba ne. Sai dai masu damfara sun san da wannan sarai, kuma lokacin biki ne suke cin kasuwarsu.

Hannu da hannu

Wannan ita ce mafi tsufa. Ka ga mutum, ka ba shi kuɗi, ka wuce. Ko sisi ba ya zubewa a hanya, ba fom, ba layi, ba jira. Wanda ya karɓa zai iya biyan abin da ya fi matsa masa a wannan daren.

Abin da ke hana mutane shi ne tsoron cewa zai kashe a giya ko taba ko ƙwaya. Wannan tsoro ya fi abin da bincike ya nuna girma. A 2014 masana biyu na Bankin Duniya, David Evans da Anna Popova, sun tattara bincike 19 da aka yi a Afirka da Asiya da Latin Amurka kan tallafin tsabar kuɗi ga talakawa. Ba su ga ƙaruwar kashe kuɗi kan giya da taba ba, a wurare da dama ma raguwa aka samu. A birnin Vancouver na Kanada, an ba marasa matsuguni 50 dalar Kanada 7,500 kowannensu a lokaci guda ba tare da wani sharaɗi ba, aka kwatanta su da wasu 65 da ba a ba su ba. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna cewa a cikin shekara guda waɗanda aka ba kuɗin sun rage kwanaki 99 na rashin matsuguni, kuma ba su ƙara kashe kuɗi kan kayan maye ba. Adalci ne a faɗi cewa tun farko ba a saka masu tsananin shaye-shaye a gwajin ba, don haka bai shafi kowa da kowa ba.

Rauninta yana wajen daɗewa. Abin da yawancinmu ke miƙawa a hanya na yini ɗaya ne, gobe mutumin yana inda yake. Sa'annan wanda idonka ya gani shi kaɗai ke samu. Tsohuwar da ba ta iya fita, da magidancin da kunya ta hana shi roƙo, ba za ka gamu da su a tasha ba. Inda kuma ake tura yara bara suna kai wa wani babba abin da suka samu, kuɗinka na iya zama abin da ke riƙe su a titi. Idan ka zaɓi wannan hanya, ya fi ka haɗa abin da za ka rarraba wa mutum goma ka ba mutum ɗaya ko biyu abin da zai yi musu wani abu, ka tsaya ka gaisa, ka bayar a ɓoye. Kada ka ɗauki hoto. Mutumin bai fito don ya zama abin kallo ba.

Shafukan tara kuɗi a intanet

A nan sauƙi ya kai maƙura gare ka: minti biyu a waya ka gama. Farashin ma a bayyane yake. GoFundMe, wanda aka kafa a 2010, yana cire kashi 2.9 cikin 100 da santi 30 daga kowace gudummawa a Amurka. Ka yi lissafi: idan ka ba da dala 10, kusan santi 59 ne zai tafi, wato kashi 6 cikin 100, amma idan dala 100 ce, dala 3 da santi 20 kawai. Ƙananan gudummawa da yawa sun fi zubar da kuɗi a kan babba guda. Shafin yakan kuma tambaye ka ko za ka ƙara masa wani ɗan ihsani, wannan ganin damarka ne, kana iya mayar da shi sifili.

Haɗarin damfara na gaske ne. A ƙarshen 2017 wani labari ya karaɗe Amurka, wai wani marar matsuguni a Filadelfiya ya ba wata mata dala 20 da ta rage masa da man motarta ya ƙare. Mutane sama da 14,000 suka tara masa fiye da dala 400,000 a GoFundMe. Cikin shekara guda aka gano shiri ne tsakanin mutumin da matar da saurayinta, daga baya kotu ta hukunta su ukun, kamfanin ya mayar wa masu gudummawa kuɗinsu. Waɗancan sun samu kuɗinsu ne don ta shafin suka biya. Wanda ya tura kuɗi zuwa lambar asusun da ke yawo a WhatsApp ba shi da wanda zai kama.

Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda rabon ke kasancewa. Masu bincike na Jami'ar Washington sun duba neman taimakon kuɗin magani sama da 437,000 da aka buɗe a GoFundMe tsakanin 2016 da 2020. Kusan kashi 12 cikin 100 ne kaɗai suka cimma adadin da suke nema, kashi 16 cikin 100 kuwa ko gudummawa ɗaya ba su samu ba. Wanda ya iya rubutu, yake da hoto mai kyau da abokai masu hali, shi ke tara kuɗi. Wanda ya fi kowa buƙata sau da yawa shafinsa shiru. Shi kuma mai nema sai ya baje ciwonsa da talaucinsa ga duk duniya. Idan za ka bi ta nan, nemi wanda bai samu komai ba maimakon wanda ya riga ya zarce adadinsa, kuma ka samu mutum ɗaya da ka yarda da shi wanda ya san iyalin ido da ido.

Kaya: tufafi, kayan abinci, kayan wasan yara

Wannan ita ce hanyar da ta fi daɗi a zuciyar mai bayarwa, kuma ita ce na fi yin kuskure a kanta. Wata shekara na yi aikin sa-kai na kwana uku a ɗakin ajiyar wata ƙungiya, mako guda bayan biki. Buhunan kaya har rufi. Muna kwancewa muna ware takalmi wari ɗaya, riguna masu ɓallen zif, gwangwanayen da wa'adinsu ya wuce, kayan wasa da suka kakkarye. Mu shida muka yini a tsaye, abin da ya dace a ba mutum bai kai rabin tulin ba, sauran kuma sai da ƙungiyar ta biya mota ta kwashe. Da la'asar wata dattijuwa ta shigo da jikanta a hannu. Muka nuna mata kayan wasa, ta yi godiya, ta ɗauki guda don yaron. Sai ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce, “Ɗana, ba ku da ko kuɗin mota? Gobe ne ranar ganin likitansa, asibitin kuma da nisa.” A duk ɗakin nan babu abin da zai kai ta asibiti. Na ba ta daga aljihuna, amma har yau ina tuna yadda ta riƙa kallon buhunan.

Abin ba a ƙaramin wuri kaɗai yake faruwa ba. Bayan harin da aka kai makarantar Sandy Hook a garin Newtown na Amurka a Disambar 2012, mutane saboda tausayi suka aika 'yan tsana sama da 60,000, fiye da ninki biyu na yawan mutanen garin, har sai da hukumomi suka roƙi a daina aikowa. Ma'aikatan agaji suna kiran irin wannan ambaliyar kaya bala'i na biyu.

Ta fuskar farashi kuma akwai asarar da ba a gani. Kai a farashin kanti kake saye, ƙungiya kuwa a farashin sari, wani lokaci ma kamfanoni ke ba ta rarar kaya kyauta, kuɗin dako kawai take biya. Kuɗin da ka sayi leda ɗaya da shi, a hannunta zai sayi fiye da haka.

Ba ina cewa kaya ba su da amfani ba. Suna da shi idan mai buƙata ne ya faɗi abin da yake so. Hukumar gidan waya ta Amurka tun 1912 take barin jama'a su amsa wasiƙun neman kyauta da yara ke rubutawa a ƙarshen shekara, a shirin Operation Santa, yanzu ma a intanet ake karanta wasiƙun bayan an ɓoye adireshin yaran. Ƙungiyar Salvation Army tana da makamancinsa, Angel Tree, tun 1979: takarda ɗauke da shekarun yaro da girman kayansa da abin da yake so. A irin wannan tsari abin da ka saya yana da mai shi tun kafin ka biya. Farin cikin yaro a ranar biki ba ƙaramin abu ba ne, ba kuma zan raina shi ba. Kawai ka san cewa na ranar ne. Bargo mai kauri ko takalmin makaranta sun fi abin wasa daɗewa. Abin da ba za ka iya ba ɗanka ba, kada ka kai.

Biyan takardar kuɗi kai tsaye

Maimakon ka ba mutum kuɗi, sai ka je wurin da ake binsa, asibiti ko kantin magani ko makaranta ko mai gidan haya, ka biya ka karɓi rasit. Ba a cire komai, damfara kuma tana da wuya tunda da idonka ka ga takardar. Amfaninta na daɗewa sosai idan ka dace da lokaci: hayar wata ɗaya da ta hana a fitar da iyali waje ta kare su daga asarar da ta ninka ta sau da yawa. Wahalarta ita ce tana cin lokaci, kuma sai ka samu mai nuna maka, kamar ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibiti ko shugaban makaranta.

A bambanta bashin da ke ƙone mutum yau da tsohon bashi. Ƙungiyar Undue Medical Debt, wadda aka kafa a 2014 da sunan RIP Medical Debt, tana sayen tsofaffin basussukan asibiti a Amurka da arha, dala 1 na share kusan dala 100, sai ta yafe. Lissafin na da ban sha'awa. Amma wani babban gwaji da aka fitar a 2024, wanda ya shafi mutane sama da 83,000 da aka yafe wa bashi, bai ga ingantuwar kwanciyar hankalinsu ko yanayin kuɗinsu ba idan aka ɗauke su a dunƙule. Bashin ya riga ya yi ɓarnarsa shekaru kafin a yafe. Takardar da za ta hana a ba mutum magani gobe ita ce ta cancanci kuɗinka.

Kuɗi ga ƙungiya

Iri biyu ne. Akwai na kusa, kamar rumbunan abinci na agaji da gidajen kwanan marasa matsuguni. Rumbun farko John van Hengel ne ya buɗe shi a birnin Phoenix na Amurka a 1967, daga nan tsarin ya bazu a duniya. Su ne ke isa ga waɗanda ba ka gani a titi, kuma suna nan bayan biki. Akwai kuma masu tura tsabar kuɗi zuwa nesa, kamar GiveDirectly, wadda ta fara aiki a Kenya, tana aika wa gida kusan dala 1,000 ta wayar hannu. Wani bincike a ƙauyuka 653 na yammacin Kenya, da aka wallafa a 2022, ya ƙiyasta cewa kowace dala da aka bayar ta haifar da hada-hadar kusan dala biyu da rabi a yankin, har maƙwabtan da ba su karɓa ba suka amfana, farashin kaya kuma bai tashi sosai ba.

A nan tabbas wani kaso yana tafiya ga albashi da haya da mota. Mutane da yawa na gudun ƙungiya saboda haka, amma ƙungiyar da ba ta biyan akanta da mai bincike ita ce ake sacewa ba a sani ba. A 2013 manyan masu tantance ƙungiyoyin agaji uku na Amurka, wato GuideStar da Charity Navigator da BBB Wise Giving Alliance, sun fitar da wasiƙa tare suna gargaɗin kada a auna ƙungiya da ƙarancin kuɗin gudanarwarta kaɗai. Sata ma tana faruwa. A 2023 GiveDirectly da kanta ta sanar cewa wasu ma'aikatanta a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango sun karkatar da kusan dala 900,000 ta hanyar wasa da layukan waya. Ni wannan sanarwa ƙara mini yarda ta yi, domin ƙungiyar da ke faɗin asararta ta fi wadda kullum labarin nasara take bayarwa. Kafin ka biya, duba rajistarta a hukumar ƙasarta, duba ko tana wallafa rahoton kuɗi na shekara, kuma ka rubuta adireshin shafinta da hannunka, domin a lokacin biki 'yan damfara kan buɗe shafuka masu suna kusan iri ɗaya. A wasu ƙasashe haraji ma na taimakawa: a Birtaniya, tsarin Gift Aid na ƙara wa ƙungiya fenni 25 a kan kowane fam 1 da mai biyan haraji ya bayar.

| Hanya | Abin da ke zubewa | Daɗewar amfani | Sauƙi gare ka | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Hannu da hannu | Babu | Gajere, sai in kuɗin na da kauri | Sosai | Wanda ba ya fita ba ya samu |
| Shafin intanet | Kaɗan, ya fi yawa a ƙaramar gudummawa | Ya danganta da buƙatar | Sosai | Labarin ƙarya, rabo marar adalci |
| Kaya | Da yawa, amma a ɓoye | Gajere zuwa matsakaici | Matsakaici | Abin da ba a buƙata |
| Biyan takarda | Babu | Mai tsawo in an dace da lokaci | Da wahala | Biyan bashin da ya riga ya wuce |
| Kuɗi ga ƙungiya | Kason gudanarwa | Mai tsawo | Sosai | Ƙungiyar bogi, sata daga ciki |

Wacce ta dace da kai

Idan kuɗinka kaɗan ne kuma akwai wanda kake gani kullum, ba shi hannu da hannu, a dunƙule, cikin sirri. Idan kana da lokaci fiye da kuɗi, je asibiti ko makaranta mafi kusa ka tambayi wa ya maƙale, ka biya takarda ɗaya. Mai son ganin yaro ya yi murna ranar biki ya nemi tsarin da yaron ko iyayensa suka rubuta abin da suke so, ya sayi sabo. Shafin intanet na bari ne ga lokacin da wani amintacce ya san iyalin. Idan kuwa burinka shi ne kuɗinka ya yi aiki mafi yawa ga mafi talauci, ko da ba za ka taɓa ganin fuskarsu ba, tura wa ƙungiyar da ka tantance, tsabar kuɗi, ba tare da ka ɗaure mata hannu kan abin da za ta saya ba.

Ni yanzu kashi biyu nake yi. Ɗaya ina bayarwa kafin biki, ɗayan kuma ina riƙewa sai mako huɗu zuwa shida bayansa, lokacin da masu bayarwa sun koma harkokinsu, gudummawa ta ja baya, masu gidan haya da makarantu kuma sun fara aiko da takarda. A lokacin nake kiran ƙungiyar da na zaɓa in tambaye su abin da ya ƙare musu.